Sarauniyar Lugu Tsakanin Baka, Takarda da Majigi

Gabatarwa

Labari kaya ne irin na fatake. Duk wanda zai ɗauke shi daga wata kasuwa zuwa wata sai ya kwance shi ya sake ɗaurewa daidai da bayan jakinsa, abin da ya yi masa nauyi kuma ya bar shi a zango. Ƙasar Arewa tana da labari guda da ya yi irin wannan doguwar tafiya, wato labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi ba rundunar Faransa hanya a 1899. Ya fito daga bakin tsofaffi ya shiga littafin Abdoulaye Mamani a 1980, ya hau majigi a hannun Med Hondo a 1986, daga nan sunan ya bazu har ya zama na gidan rediyo da na lambar girma.

Da yawa daga yaran makarantun Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri sun san wasu jarumai na daban, waɗanda suke gani a wayoyin yayyensu: mai hawan bango kamar gizo-gizo, mai sulken ƙarfe, da sarkin wata ƙasar Afirka da ba ta cikin taswira. Dukansu a littattafan zane aka haife su, wato littattafan da hoto ke ɗauke da labari, kafin wani kamfanin Amurka ya kai su majigi. Malamin da ya ga haka, dole zuciyarsa ta raya masa cewa me zai hana Sarauniya ita ma ta sami littafin zane da fim na zane mai motsi, yara su san tasu kafin ta wasu. Tunani ne mai kyau. Sai dai kafin a ɗaura wa labarin kaya karo na uku, ya kamata a duba yadda masu wannan sana'a suke yi da jarumansu, a kuma waiwayi abin da aka bari a zangunan baya.

Yadda kamfani ke mai da jarumi dukiya

Kamfanin Marvel shi ne misali mafi bayyana. Martin Goodman ya kafa shi a birnin New York a 1939 da sunan Timely, yana buga ƙananan littattafan zane masu araha domin yara da samari. Daga 1961 ya koma amsa sunan Marvel, kuma cikin ƴan shekaru marubuci Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko suka fito da mafi yawan jaruman da ake kallo yanzu: Spider-Man a 1962, X-Men a 1963, Black Panther a 1966. Shekaru da dama kamfanin bai yi manyan fina-finai da kansa ba, hayar jarumansa yake ba wasu. Da kasuwar littattafan ta faɗi, bashi kuma ya yi masa katutu, sai ya bayyana karayar arziki a gaban kotu a watan Disamba na 1996. Fina-finan da wasu suka yi da jarumansa bayan haka, kamar X-Men na kamfanin Fox a 2000 da Spider-Man na kamfanin Sony a 2002, sun kwashi kuɗi masu yawa, amma rabon da ya zo hannun Marvel bai taka kara ya karya ba. Saboda haka a 2005 ya ci bashin dala miliyan 525 domin ya yi nasa, jinginar da ya bayar kuwa ita ce haƙƙin yin fim da wasu daga cikin jarumansa. Iron Man ya fito a 2008. A 2009 kamfanin Disney ya saye Marvel a kan kimanin dala biliyan 4, kuma Black Panther na 2018 shi kaɗai ya tara fiye da dala biliyan 1.3.

Abu biyu ne suka fito fili a wannan tarihi. Na farko, jarumin da ke da daraja a wajen kamfani shi ne wanda za a iya cirewa daga inda aka haife shi a dasa ko'ina. Domin haka ake ƙera shi da alamomin da ba su buƙatar bayani: tufar da ake gane shi da ita daga nesa, wata dabba ko tambari, maraici a ƙuruciya, ubangidan da ya hore shi, da maƙiyi guda da za a nuna da yatsa. Na biyu, wanda ya ƙago jarumi ba lalle ne ya ci moriyarsa ba. Kirby ya rasu a 1994 ba shi da mallakar abin da hannunsa ya zana, magadansa kuma sai a 2014 suka daidaita da kamfanin bayan doguwar shari'a. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙago Superman, dala 130 wani kamfanin ya ba su a 1938 ya karɓe shi. Da waɗannan ma'auni biyu za a auna tafiyar Sarauniya, ko da yake waɗanda suka ɗauki labarinta ƴan gwagwarmaya ne, kasuwa ba ita ta tura su ba.

Abin da ya auku a 1899, da abin da Lugu ta sani

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a watan Yuni na 1898 ta zana iyaka mai lanƙwasa kamar baka, mil 100 daga Sakkwato, ta bar wa Faransa abin da ke bayanta. A farkon 1899 rundunar kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine ta tashi daga bakin kogin Kwara da nufin isa tafkin Cadi. Turawan da ke cikinta ba su wuce goma ba, sauran kuwa ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata da ƴan dako da mata da dabbobi, taron da ba shi da guzuri sai abin da ya ƙwata a hanya. Taro irin wannan rijiya da rumbu yake bi, shi ya sa ya faɗo cikin Dallol Mawri. Ranar 16 ga Afrilu aka gwabza a Lugu. Maharba suka tari bindiga da kibiya, da wuta ta yi yawa suka ja da baya cikin sarƙaƙiya, aka ƙone garin. Faransawa sun ƙirga matattu 4 da masu rauni 6 a ɓangarensu, asarar mutanen Lugu kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Rundunar ta wuce gabas ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu. Da labarin ta'asar ya isa Faransa aka aiko da kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kuma kafin kwana huɗu su cika sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine da Voulet a wajejen Maijirgi, ƙasar Tasawa.

A takardun Turawa Sarauniya ba ta sami fiye da ƴan layuka ba. Laftanan Paul Joalland, wanda yake cikin rundunar, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta aiko musu da saƙon raini. A Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce da mata suka yi ta gada, Mangu ɗaya ce daga cikinsu, kuma sarautar ta ci gaba har cikin ƙarni na 21. Labarin baka yana cewa ta farkonsu, Ƴar Ƙasa, daga Daura ta taso, dutsen Tunguma ya nuna mata wurin zama, dutsen da mutane suka yi ta kai wa ƙara ya rarrabe mai gaskiya da maƙaryaci. Idan Sarauniya ta rasu, ta hanyar tarkama ake sanin magajiyarta: a ɗauki gawar a makara, ita ce za ta ja masu ɗauke da ita zuwa ga wadda za ta gaje ta. Wadda aka zaɓa kuma ta shiga ɗaki ke nan, ba ta yawo, aikinta kaɗin auduga da tsare alkawarin da ke tsakanin mutane da ƙasa, domin damina ta yi albarka, annoba ta kauce.

Wannan sarauta ba ita kaɗai take tsaye ba. Akwai Baura na Bagaji a ɓangaren Gubawa ƴan ƙasa, akwai kuma sarakunan Arewa, zuriyar Akazama, wanda labarin baka ke cewa ɗan Ari ne na Barno da wata ƴar gidan Baura. Ƴan ƙasa suna riƙe da ƙasa da abin da ke cikinta, ƴan sarki suna riƙe da doki da mulki, kowane ɓangare yana buƙatar ɗan'uwansa. Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa Histoire Mawri na 1970. Shi ne ainihin abin da ya bambanta Arewa da maƙwabtanta, kuma shi ne kaya mafi nauyi ga duk mai son ɗaukar labarin zuwa wata kasuwa.

Zango na farko: alƙalamin Mamani

An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya yi gudun hijira bayan an haramta ta, mafi yawa a Aljeriya, da ya dawo gida kuma ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kunce. Littafinsa Sarraounia ya fito a kamfanin L'Harmattan na Paris a 1980, cikin Faransanci. Mutum ne da ya ga an karya jam'iyyarsa, ya ga tarihin ƙasarsa a makaranta ya cika da sunayen waɗanda suka ci ta da yaƙi, saboda haka yana neman wani wanda ya ce a'a. Ya same shi a Lugu, kuma mace ce, ba musulma ba, ba ƴar babbar masarauta ba. Wannan zaɓi jarumtaka ce ta marubuci, kuma shi ya sa ɗan Damagaram da ɗan Agadas suka san sunan wani ƙauyen Arewa.

Sai dai domin ƴan layukan Joalland su zama littafi, dole Mamani ya ƙago mace sukutum. Sarauniyarsa marainiya ce, mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, Dawa aminin mahaifinta ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Matashiya ce mai ƙarfi, damisa ce alamarta, tana da masoyi mai suna Baka, tana da gari mai ganuwa, ita ce ke gaban mayaƙa. Mai karatu zai lura cewa alamomin nan su ne waɗanda aka lissafa a baya: maraici, ubangida, dabba, maƙiyi. Wannan ba ya nufin Mamani ya kwaikwayi littattafan zane na Amurka. Tsohon tubali ne da maroƙa suka daɗe suna gina jarumai da shi, tun daga Sunjata na ƙasar Mali, kuma daga irinsa masu zanen Amurka su ma suka ɗiba. Amfaninsa shi ne jarumin da aka gina da shi yana tafiya nesa. Illarsa ita ce yana tafiya shi kaɗai. Tsohuwar da ke zaune a ɗaki da mazari a hannu, wadda ƙarfinta ke cikin rashin fitarta, ba ta shiga wannan tubali, saboda haka aka miƙa mata baka da kwari aka fito da ita fili.

Akwai kuma abin da ya shafi Matankari kai tsaye. Labarin jarumi yana buƙatar waɗanda suka kasa domin haskensa ya fito, kuma a littafin Sarkin Arewa yana cikin waɗanda suka zaɓi lallaɓa baƙin, kamar yadda Sakkwato ta fito a matsayin mai ƙin Azna. Marubucin ƙagaggen labari yana da wannan dama. Amma tarihin ƙarni na 19 ya fi haka sarƙaƙiya: Arewa ta daɗe tana ƙawance da Kabi da Zabarma wajen ƙin biyayya ga Gwandu da Sakkwato, gidajen sarautarta kuma suna da nasu gasar a tsakaninsu. Sarkin da ya ga rundunar da ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogi tana tunkaro talakawansa, yana gaban zaɓi mai ɗaci, kuma abin da ya sami Birnin Ƙonni bayan ƴan makwanni ya nuna girman abin da ake tsoro. Littafin bai tsaya ya auna wannan ba.

Zango na biyu: majigin Hondo

Med Hondo, ɗan Muritaniya mazaunin Faransa, abokin Mamani ne, kuma tare suka tsara labarin fim ɗin. Kamfaninsa, Les Films Soleil Ô, ya shafe shekaru yana neman kuɗi. An shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, amma hukumomin lokacin suka janye ana gab da farawa, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓi aikin. Fim ɗin ya fito a 1986, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, Jean-Roger Milo a matsayin Voulet, Féodor Atkine a matsayin Chanoine. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Dokin Yennenga, alhali a gidajen silima na Faransa bai sami wurin da ya dace da shi ba.

Abin yabo a aikin Hondo yana da yawa. Ya ɗauki fim ɗin a faffaɗan hoto irin wanda aka saba yi wa yaƙe-yaƙen Turawa, ya cika shi da dawaki da ƙura da ɗaruruwan mutane, ya nuna cewa tarihin Afirka ya cancanci wannan girma. Mafi ƙarfin abin da ke cikinsa shi ne yadda ya bi rundunar daga ciki. Mai kallo yana ganin ƴan dako ɗaure, yana ganin tafinta yana juya magana, yana ganin sojoji baƙar fata suna aikata ta'asa da umurni, sa'an nan tsoro yana cin su sannu a hankali tun kafin su ga Lugu. A nan Hondo ya fahimci wani abu na gaskiya game da Sarauniya: sunanta ya riga ta isa sansanin maƙiya, kuma shi ya fara karya musu zuciya. Bayan yaƙin, ita da mutanenta sun ɓace cikin daji, sun bar wa Voulet gari babu kowa, daga nan fim ɗin ya bi shi har ya tuɓe galolinsa, ya kashe Klobb, sojojinsa suka juya masa baya. Duk sa'ad da ba a ganin Sarauniya, ana jin nauyinta. Wannan sashe shi ya fi kusa da Sarauniyar da Lugu ta sani.

Inda ake ganin ta kuwa, ta Mamani ce aka ƙara wa tsawo: jaruma mai jawabi a gaban mayaƙa, wadda a ƙarshe take karɓar mutane na kowace ƙabila da kowane addini domin su gina sabon gari. Saƙon yana da kyau, kuma ya dace da Wagadugu ta shekarun juyin juya hali. Sai dai na Afirka ne baki ɗaya, kowace ƙasa tana iya cewa nata ne, kuma farashin haka shi ne Arewa ta dushe. Ƙasar da ake gani ta Burkina ce, ba a ga jajayen duwatsun da suka yi wa Dallol Mawri katanga ba. Harsunan da ake ji a bakin ƴan Afirka, ban da Faransanci, Jula ne da Fulatanci. Wato tsohuwar da ke Lugu, da a ce an kawo mata majigi har ƙofar ɗaki, sai an yi mata tafinta kafin ta ji abin da kakarta ke faɗa. Laifin wannan ba na Hondo ba ne shi kaɗai, domin ƙofar Nijar aka rufe masa. Amma sakamakon yana nan.

Abin da aka bari a zango

Idan aka ɗora ma'aunin farko, za a ga cewa a kowane zango jarumar tana ƙara girma, garin yana ƙara ƙanƙancewa. Tarkama da Tunguma da Baura da rabon aiki tsakanin ƴan ƙasa da ƴan sarki duk sun koma gefe ko sun faɗi a hanya. Abin da ya isa kasuwa shi ne mace da makami tana fuskantar Bature, hoton da za a iya bugawa a riga ko a bango ba tare da bayani ba. Shi ya sa sunan ya yi sauƙin ɗauka. Akwai gidan rediyo da talabijin mai suna Saraounia a Yamai, kuma bayan juyin mulkin Yuli na 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Kowane zamani yana ɗaukar ta ya sa mata maganar da yake so a ji.

Ma'auni na biyu ya fi ɗaci. Ba wanda ya yi arziki da wannan labari. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, Hondo ya rasu a 2019 bayan ya sha wahalar neman kuɗin kowane fim nasa. Amma Lugu, mai labarin, ita ce ta fi kowa fita hannu rabbana. Sunanta ya zaga duniya, ita kuwa ta ci gaba da zama ƙaramin ƙauye a ƙaramar hukumar Dankasari, yawancin zuriyarta sun watsu. Sai a 2007 aka sami littafin da ya ba mutanen garin bakin magana, wato Lougou et Saraouniya na Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy, wanda ya tattara abin da su da kansu suke faɗa. Shekara 27 ke nan bayan littafin Mamani. Matsayin Lugu a wannan tafiya ya yi kama da na Kirby: hannun da ya fara zana hoton shi aka manta da shi wajen rabo.

Zango na uku, idan za a yi shi

Nijar ba baƙuwa ba ce a sana'ar zane mai motsi. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015 bayan ya daɗe yana aiki a Tawa, yana cikin na farko a Afirka da suka yi ta. A Bon voyage Sim na 1966 ya zana kwaɗi suna ziyarar shugabanni da faretin soja, ya yi wa mulki dariya cikin ƴan mintoci. A Samba le grand na 1977 ya yi amfani da ƴan tsana ya ba da labarin jarumi irin na tatsuniya. Ya nuna cewa ana iya wannan aiki da kayan da ke hannu, ba sai an ci bashin miliyoyin daloli ba.

Misalai biyu daga maƙwabta suna da amfani. A Legas, Wale Adenuga ya fara mujallar zane mai suna Ikebe Super a 1976, daga cikinta ya fito da Papa Ajasco, ya kai shi fim a shekarun 1980, ya kai shi talabijin a shekarun 1990. Mai zanen shi ne mai kamfanin, saboda haka abin da ya ƙaga bai fita daga hannunsa ba. Daga Kodebuwa kuma akwai Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara fitowa a littafi a 2005, su biyun kuma suka mai da shi fim a 2013. Babu makami a cikinsa, babu maƙiyi guda. Unguwa ce a Abijan da mutanenta, da shagunanta, da yadda suke magana, kuma ya sami masu karatu a ƙasashe da yawa. Ashe zane yana iya ɗaukar gari sukutum, in mai zanen ya so.

A nan ne littafin zane ya fi majigin Hondo dama. Mai zane ba ya buƙatar izinin shiga ƙasa da rundunar ma'aikata kafin ya nuna duwatsun Lugu yadda suke. Yana iya ba shafi guda ga ɗakin Sarauniya, da duhunsa da mazarinsa, ya bar yaƙin yana gudana a shafin da ke fuskantarsa, mai karatu ya ga su tare. Yana iya nuna fadar Matankari a daren da labarin rundunar ya iso, dattawa suna gardama, kowane da hujjarsa. Yana iya sa mutane su yi magana da Hausar Arewa, a ajiye Faransanci a ƙasan shafi domin baƙo, abin da zai dace da makarantun da ke koyarwa da harshen gida, waɗanda Nijar ta fara gwadawa tun 1973. Game da al'adun Azna kuwa, yaran yau mafi yawansu musulmi ne, kuma nuna musu abin da kakanninsu suka yi imani da shi darasin tarihi ne. Wanda ya ɓoye shi domin kunya da wanda ya mai da shi tsafin ban tsoro domin jan ƴan kallo, dukansu sun rage wa yaro sanin asalinsa.

Kammalawa

Aikin Mamani da na Hondo suna nan daram, kuma ya kamata kowace makarantar sakandare a Arewa ta karanta ɗaya ta kalli ɗaya. Malami zai ƙara wa darasin armashi idan ya jera wa ɗalibai Sarauniya huɗu: ta Joalland, ta Mamani, ta Hondo, da wadda za su tambayo a bakin tsofaffin gidajensu, sa'an nan ya sa su gano abin da kowane mai ba da labari ya ƙara da abin da ya rage, da dalilinsa. Ɗalibin da ya yi wannan aiki zai kalli jaruman Marvel da wani ido daban.

Ƙungiyar al'adun da ta yi niyyar fitar da littafin zane kuwa, tafiyarta ta fara daga Lugu da Bagaji da Matankari kafin ta nemi mai zane ko mai ba da kuɗi. A zauna da masu labarin, a ji ruwayoyinsu ko da sun saɓa wa juna, a nuna musu zanen kafin a buga. A rubuta yarjejeniya da ta faɗi sunan wanda ya zana, da wanda ya ba da labari, da rabon garin idan wata rana wani kamfani ya zo neman kai littafin majigi, a kuma yi rajistarta a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Tarihin Marvel ya nuna cewa irin wannan takarda ana rubuta ta ne tun jarumin bai yi tsada ba.